Kwalbar da ba ta taɓa ƙarewa

Ranar wata Talata a watan Afrilu, ana tsakiyar zafi, aka aiko kirana daga ɗakin masu jego. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyata, shekarata 11 ke nan a ciki, kuma ba a cika nemanmu a can ba sai da dalili. Da na isa na tarar sistar da ke aiki ta ɗaga bandejin wata mata, ta riƙe shi da bakin almakashi tana jirana. Audugar ta rine, ta yi kore-kore kamar an ɗiga mata shuni, ga wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi wanda duk wanda ya daɗe a asibiti ya san shi. Ɗinkin ya buɗe ta gefen dama kamar faɗin yatsa biyu, yana tsattsafo da ruwa. Kwana biyar ke nan da muka yi mata tiyata muka ciro ɗanta, kuma ni ce na miƙa kayan aiki a ranar.

Yarinya ce, haihuwar fari. Ta juya fuskarta bango ba ta ce komai ba. Mahaifiyarta da ke zaune a kan tabarma da jaririn a cinya ita ce ta yi magana.

"Sista, ko dai jikinta ne ba ya karɓar ɗinki?"

Na ce, "Mama, ba laifin jikinta ba ne. Ku ƙara haƙuri, da yardar Allah za mu gano bakin zaren."

Na faɗi haka ne alhali gabana yana faɗuwa, domin ita ce ta uku cikin mako biyu, kuma duk ukun audugarsu launi ɗaya ta yi.

Washegari aka zauna: matron, likitan mata, mai ba da maganin barci, ni, da malamin da ke kula da sashen ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaje-gwaje. Likita ya ce a ganinsa ƙwayoyin cutar asibitin nan sun riga sun saba da maganin da muke goge fata da shi, a rubuta a sayo wani. Ni ma ra'ayina ke nan, don na sha jin cewa yadda bakteriya ke bijire wa maganin sha da na allura, haka ta fara bijire wa na shafawa. Malamin lab, dattijo ne marar yawan magana, ya bari kowa ya gama, sannan ya ce, "Likita, ban ƙi ta taka ba. Amma kafin mu tuhumi ƙwayar, a ba ni dama in tambayi kwalbar."

Ga yadda muke yi a lokacin. Daren tiyata, ko da asuba, a aske wa mace mara da reza. In an kwantar da ita an yi mata allurar baya, sai a wanke cikin da ruwan magani mai launin ɗorawa, wanda haɗin kulohezidin ne da setirimaid, a goge da gauz, a bi da sipirit, a rufa zannuwa, likita ya sa wuƙa. Shi wannan ruwan ɗorawar da kaurinsa yake zuwa a galan, mu ne muke sirka shi. Ƙa'idarsa a rubuce take: awo ɗaya na magani a cikin awo 30. Amma ban taɓa ganin wanda ya ɗauko ma'auni ba, ni ma ban taɓa ɗauka ba. Da ido ake yi. In launin ya yi daidai da wanda aka saba gani, shi ke nan. Ruwan sirkin kuwa na famfo ne, daga tankin da ke saman rufi.

Da safiyar Alhamis Malam ya zo da ɗan akwatinsa, da sirinji sababbi da kwalabe masu murfi. Na zaga da shi. Ya tsaya a kan babbar kwalbar da ke kan teburin ɗakin tiyata ya daɗe yana kallonta. An manna mata filasta an rubuta sunan maganin da biro, rubutun ya koɗe har ba ya karantuwa. Wuyanta ya yi wani ɓawo fari-fari, murfinta ya tsage.

"Sista, yaushe rabon da kwalbar nan ta ƙare?"

Na yi shiru ina tunani. Gaskiya ba ta ƙarewa. Da ta yi ƙasa sai wani ya ƙara magani ya ƙara ruwa a kan na jiya. Na jiyan ma a kan na shekaranjiya aka zuba shi. Na kira Baba mai wankin kaya na tambaye shi ko yana wanke ta, ya ce, "Ranki ya daɗe, ai ban taɓa samunta ba komai a ciki ba, balle in wanke."

Malam ya ɗebi mililita ɗaya daga cikinta. Ya ɗebi na dogon kwanon da almakashin ɗaukar kaya yake tsaye a ciki dare da rana. Ya ɗebi na kwalbar ɗakin masu jego, wadda daga tamu ake cika ta, kuma da ita ake wanke ɗinki kowace safiya. Ya matse audugar da ake jiƙawa tun dare a kwano mai murfi don a rage aikin safe. Ya ɗebi sipirit, ya ɗebi aidin, ya goga tsinken auduga a bakin famfo da maƙogwaron wurin wanke hannu. A ƙarshe ya ɗebo daga sabon galan da aka buɗe a gabansa.

Na bi shi lab saboda ina so in gani da idona. Kowane mililita ɗaya ya zuba shi cikin mililita tara na wani romo da ke kashe kaifin maganin. Ya ce in ba a yi haka ba, maganin zai biyo ƙwayar har kan faranti ya hana ta tsirowa, sai mutum ya ɗauka ruwan mai tsabta ne alhali ba haka ba. Daga kowane romo ya ɗiga ɗigo goma a kan faranti biyu. Ɗaya ya sa a na'urar ɗumi mai zafin jikin mutum, digiri 37, na kwana uku. Ɗayan ya bar shi a zafin ɗaki na mako guda. Ya ce tsohon gwaji ne, ba ya buƙatar wani injin tsada, sai haƙuri da wutar lantarki. Ita wutar sai da matron ta je da kanta ta roƙi a riƙa haɗa na'urar da layin janareton ɗakin tiyata.

A kwanakin jiran nan ne na fi ƙaruwa. In na tashi aiki sai in biya ta wurinsa, ya ba ni kujera, ya yi ta bayani yana aikinsa. Ya ce kulohezidin ba sabon abu ba ne, a Ingila aka samar da shi, ya shiga asibitoci tun 1954. Aikinsa shi ne ya manne wa fatar ƙwayar cuta ya huda ta, abin cikinta ya tsiyaye. Kyansa kuma yana kama fatar mutum ya zauna, ya ci gaba da aiki sa'o'i bayan an shafa. To wasu bakteriya suna da wani ɗan famfo a jikinsu da ke tunkuɗo maganin waje yana shiga. A jikin sitafilokokus, wanda mutane ke kira sitaf, ƙwayoyin gadon da ke ƙera famfon su ne ake kira qacA da qacB, kuma a kan wani ɗan zobe suke wanda ƙwaya ke iya miƙa wa 'yar'uwarta, sau da yawa tare da gadon bijire wa wasu magungunan.

Ya kawo mini misali da mai kwale-kwale. Ya ce in ruwa yana shigowa kaɗan-kaɗan ta tsaga, mutum ɗaya da ƙwarya zai iya kwarfewa har ya kai gaɓa. In kogi ne ya taso ya rufe jirgin baki ɗaya, ƙwarya ba ta da amfani. Ya ɗauki biro ya yi lissafi a bayan wata takardar gwaji. Kulohezidin mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, irin wanda ake haɗawa da barasa don tiyata, miligiram 20,000 ke nan a kowace lita. Namu na galan kashi 1.5 ne cikin 100, in an sirka shi ɗaya cikin 30 daidai wa daida, ya dawo miligiram 500. In kuma da ido aka sirka, aka ƙara ruwa a kan tsohon, Allah kaɗai ya san nawa ya rage. Ga sabulu yana kashe masa kaifi, ruwa mai gishiri-gishiri na rijiyar burtsatse yana kwantar da shi, auduga tana shanye wani kaso. Ya ce a irin wannan tsinkakken ruwa ne masu famfo suke rayuwa, marasa famfo su mutu su bar musu fili.

Na tambaye shi ko dai maganar bijirewar nan ta takarda ce kawai. Ya girgiza kai. Ya ce a asibitin St Thomas da ke Landan sun fara wanke majinyatan ɗakin kulawa ta musamman da kulohezidin don hana yaɗuwar sitaf mai taurin kai, wato MRSA. Yaɗuwar sauran nau'o'in ta ragu ƙwarai, amma wani nau'i guda mai ɗauke da qacA da qacB bai ragu ba. An buga wannan a 2010. A 2017 kuma masu bincike a Ingila suka riƙa ba wata ƙwayar cuta mai suna kilebsiyela kulohezidin kaɗan-kaɗan a lab suna ƙarawa. Cikin nau'i shida da suka saba da shi, biyar sun wayi gari suna bijire wa kolistin, allurar da ake ajiyewa sai an rasa yadda za a yi. Wannan shi ne ya fi tayar mini da hankali, cewa sakacin da ake yi da maganin shafawa zai iya lalata na allura. Ko barasa ma ba ta tsira ba. A 2018 an buga binciken da aka yi a Melbon ta Ostireliya a kan samfur 139 na wata ƙwayar cuta mai suna entarokokus da aka tara daga 1997 zuwa 2015, aka ga na bayan 2010 sun ninka na da sau goma wajen jure barasa. Sai dai ya ja hankalina: da barasa mai ƙarfin kashi 23 cikin 100 aka ga wannan bambancin. Da aka zuba su cikin mai kashi 70, duk sun mutu.

Nan na tuna da ɗan kwanon sipirit ɗinmu. Tun kafin a shigo da majinyaciya muke zubawa, ya zauna a buɗe a ƙarƙashin fanka, a zafin Afrilu, wani lokaci har rabin sa'a ana jiran jini ko ana jiran likita. Barasar ce ke fara tashi, ruwan ya saura. Kuma ko shi ɗin ba ma barin ya bushe da kansa a jiki, gogewa muke da gauz saboda sauri.

Ranar Lahadi da yamma ya kira ni. Ya jera farantan a kan benci, ya buɗe na babbar kwalbarmu. Duk inda ɗigo ya sauka ya cika da tsiro, sun haɗe sun zama shimfiɗa guda, kuma abincin farantin da yake ruwan zuma ya koma kore. Ya matso da shi kusa da fuskata. Warin nan ne dai na audugar yarinyar. Sudomonas ce, ƙwayar da ke son danshi, mazauniyar bakin famfo da magudanar ruwa, wadda fatarta ta waje ba ta barin magani ya shige ta da sauƙi. Farantin kwanon almakashi haka, na audugar da ake jiƙawa haka, na ɗakin masu jego haka, na bakin famfo ma haka. Na sabon galan fes, na aidin fes, na sipirit fes.

Na zauna na rasa abin cewa. Shekara da shekaru ina tsoma gauz a cikin kwalbar nan da hannuna, ina shafa wa matan mutane a ciki da niyyar kare su.

Bai tsaya nan ba. Ya gwada sudomonas ɗin kwalba da wadda ya samu a ciwon matan uku a kan magungunan allura, ya ga waɗanda suke ji da waɗanda ba sa ji iri ɗaya ne, ya ce wannan alama ce mai ƙarfi cewa gida ɗaya suka fito. Sannan ya jera bututan gwaji, ya zuba kulohezidin a na farko, ya raba ƙarfinsa biyu a na biyu, ya sake rabawa a na uku, haka har ƙarshen layi. Layi ɗaya ya sa sudomonas ɗinmu, ɗaya ya sa sitaf na gama-gari. Da safe bututun da ƙwaya ta rayu a ciki ya yi gurɓi-gurɓi, wanda ta mutu ya zauna garau. Layin sitaf ya washe tun daga can ƙasa. Na sudomonas ya ci gaba da gurɓacewa bututu bayan bututu, sai da aka hau sama sosai sannan ya washe. Amma ya washe ɗin, tun kafin a je ko kusa da ƙarfin da ake tiyata da shi.

Da muka koma zama, Likita ya kalli farantan ya ce to ai ga shi, ƙwayar tana da taurin kai. Matron ta ce, "Haka ne Likita, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari." Ba wanda ya yi musu.

Gyaran farko a ranar aka yi shi. An zubar da duk wani sirkakken magani, aka fasa tsohuwar kwalbar. Almakashin ɗaukar kaya ya bar zama cikin ruwa, yanzu a tukunyar turara kaya ake gasa shi a naɗe shi a bushe. An hana jiƙa auduga tun dare. Wankin ɗinki a ɗakin masu jego ya koma da ruwan gishiri na leda, wanda ake buɗewa a gaban gado. In dole sai an sirka wani abu, da sirinji ake aunawa, da ruwan da aka turara, a ƙaramar kwalba, a rubuta rana da lokaci, abin da ya kwana a zubar. Reza ma mun daina, domin ƙananan yankan da take bari a fata mafaka ce ga ƙwayoyin cuta. In gashi zai hana aiki, a rage shi da injin aski dab da shiga.

Inda aka daɗe ana ja-in-ja shi ne wane magani za a koma. Likita yana son kulohezidin mai barasa, kuma yana da hujja. A 2010 an buga wani gwaji da aka yi a asibitoci shida na Amurka a kan mutum 849: waɗanda aka goge da shi kashi 9.5 cikin 100 ne ciwonsu ya yi ruwa, na aidin kuwa kashi 16.1. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shi ta fifita a ƙa'idojinta na 2016, waɗanda a cikinsu ta ce a Afirka har kashi 20 cikin 100 na matan da aka yi wa tiyatar haihuwa ciwonsu na kamuwa. Matsalar ita ce kuɗi. A wurinmu dangin majinyaci ne ke sayen kayan tiyata, kuma na sha ganin miji tsaye a bakin kantin magani da takarda a hannu yana kiran 'yan'uwa a waya.

Malam ne ya kawo gwajin FALCON, wanda mujallar Lancet ta buga a 2021. An yi shi a asibitoci 54 a ƙasashe bakwai, har da Najeriya da Gana da Benin, a kan mutum 5,788 da aka yi wa tiyatar ciki. An gwada kulohezidin mai barasa da aidin na ruwa mai kashi 10 cikin 100, ba a ga wani bambanci ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jimillar: kashi 22 cikin 100 ciwonsu ya kamu, ko da wanne aka shafa. A nawa ganin wannan yana nuna cewa a asibitoci irin namu ramukan da cuta ke bi sun fi ƙarfin a toshe su da canjin kwalba. Gwajin da ya biyo baya a ƙasashen nan bakwai, mai suna ChEETAh, a 2022, ya ƙarfafa mini wannan. Canza safar hannu da kayan aiki kafin a rufe ciki kawai ya sauko da kamuwa daga kashi 18.9 zuwa 16 cikin 100.

Aka tsaya a kan aidin a matsayin na kullum, a ƙananan kwalabe, ba sirki, a zuba shi sai majinyaciya ta kwanta. Kulohezidin mai barasa kuma a ajiye shi don wadda jikinta ba ya shiri da aidin. Shi ma aidin Malam ya ce kada a sake da shi, don a 1980 an samu wanda ya gurɓace da ƙwayar cuta tun daga masana'anta a asibitocin birnin Niyok, kuma jini yana rage masa ƙarfi. Muka ƙara tire na biyu, ƙarami, mai safar hannu da almakashi da abin riƙe allura, wanda ba a buɗewa sai an zo rufe ciki.

Wata ungozoma da ta ji labarin ta tare ni a baranda ta ce, "Sista, to man cibiyar da muke ba masu jego fa? Ai shi ma kulohezidin ne." Na ce mata ta ci gaba da bayarwa kada ta fasa. Wannan da cikakken ƙarfinsa yake zuwa a ɗan bututunsa, kashi 7.1 cikin 100, ba mai sirka shi, jariri ɗaya bututu ɗaya, kuma ya fi toka da man goge baki da gashin tsumma da ake yi wa cibiya nesa ba kusa ba. Ta dai riƙa jaddada wa iyaye cewa na cibiya ne kaɗai, kada ya kusanci ido.

Mafi wuya a cikin gyaran duka shi ne jira. Maganin shafawa yana buƙatar lokaci a kan fata, ya bushe da kansa. Mai barasa in bai bushe ba ma yana iya kama wuta in an kunna na'urar ƙona jijiya. Muka sa minti uku, in ba gaggawar ceton rai ba. Minti uku a ɗakin tiyata, likita ya wanke hannu ya sa riga ya harɗe yatsu a ƙirji, ga wasu mata biyu suna jira a waje, ba ƙaramin abu ba ne. Makon farko kullum sai an ce mini, "Sista, ai ya bushe." Ni kuma in ce, "Likita, saura minti ɗaya," idona a kan agogon bango. Matron ta tsaya mini, ta ce kada a miƙa zanen rufi sai mai riƙe da agogo ta ce a miƙa. Yanzu Likita da kansa yake tambaya ko lokaci ya cika.

Yarinyar ta yi kwana 19 a asibiti. An canza mata allura zuwa wadda gwaji ya nuna ƙwayar tana ji, ana wanke ciwon safe da yamma har naman ya yi ja ya taso, sannan aka mayar da ita tiyata aka sake ɗinkewa. A gadon asibiti aka yi sunan ɗanta, aka kawo mata naman suna a kwano. Ranar sake ɗinkin ni na shafa mata aidin da hannuna, daga tsakiya zuwa gefe, ban koma inda na wuce ba, na tsaya na ƙirga mintina uku cif. Ranar sallama mahaifiyarta ta riƙe hannuna tana ta sa albarka. Na gaya mata gaskiya cewa daga wurinmu matsalar ta fito kuma mun gyara. Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Allah ya kiyaye na gaba, 'yar nan."

Malam yana zuwa da akwatinsa Litinin ɗin farko ta kowane wata. Kwalaben sun daina tsirar da komai. Bakin famfon wurin wanke hannu ne har yanzu yake ba da kore a faranti, ko an kwance shi an dafa, bayan 'yan makonni sai ta dawo. Mun rubuta a wanke tankin sama a canza bututun, takardar tana ofis. Kafin nan Baba ya jawo teburin kayan aiki ya mayar da shi ɗaya bangon, nesa da inda ruwan famfon ke fantsama, kuma kowace yamma yakan kife ƙananan kwalaben a kan tire su kwana a bushe kafin a kai su tukunya.